Hasumiyar Idi-Araba a Cikin Ruwa

"Ba zan goge hoton ba," na ce wa mai gadin bakin teku.

Baba Ilu ne, maƙwabcinmu tun kafin ruwa ya cinye unguwarmu Idi-Araba. Ya rage murya. "Suwaiba, ke da kika yi karatu, ai kin fi ni sanin doka. Faɗuwar rana kawai ake ɗauka."

Sababbin kyamarori da kansu suke share duk abin da ya leƙo daga teku, su bar ruwa sumul. Tawa tsohuwa ce. A hotona ga rana jajir, ga kan hasumiyar masallacinmu, lasifikar tana maƙale har yanzu. Shekara uku ina zarya kafin ruwa ya janye ya nuna hasumiyar. Da ita nake gane inda Inna ke kwance.

"Goge mana, 'yata, gobe ki dawo."

"In dawo in kalli me, Baba?"

Ya karɓi katin shigata, ya karya.

Hoton yana wurina. Amma an haramta mini bakin tekun har abada, ba zan ƙara tsayawa kusa da Inna in yi mata addu'a ba.