Baƙuwar Laraba

Takardar ofis ta ce hawa na uku, ƙofar hagu. Ta shiga ginin tana kakkaɓe lema, ta ƙirga tun daga inda ta shigo, ɗaya, biyu, uku, ta ƙwanƙwasa.

Malamar makaranta ce a ƙasarsu. Bayan rasuwar mahaifiyarta gida ya yi mata faɗi, sai ta ɗauki hutun wata shida ta bi wata ƙungiya zuwa ƙetare aikin sa kai, ziyartar tsofaffin da ba su da kowa. Harshen ƙasar kuwa tsinta-tsinta take yi, rabi da baki, rabi da hannu.

Wata 'yar tsohuwa ta buɗe ƙofa kaɗan. Malamar ta karanto sunan da ke takarda, harshenta na harɗewa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta zare sarƙar ƙofa.

"Bar wahalar da bakinki. Ce mini Kaka kawai."

Tun daga nan kowace Laraba tana can da hantsi. Ta yanke wa Kaka farce, ta taje mata kai, ta karanta mata jarida, Kaka na gyara mata kalmomi tana dariya har da hawaye. Wata rana Kaka ta rantse cokalinta ya ɓata tun da baƙuwa ta fara shigowa. Malamar ta fita ranta a ɓace, ta yi kuka a tashar bas. Da ta dawo mako na gaba, ta tarar da cokalin a kan tebur, an ɗaura masa ɗan zare ja, ba wanda ya ta da maganar.

Takarda ta ce tsohuwar na da ciwon suga, kuma da sanda take tafiya. Kaka kuwa cokali uku take zubawa a shayi, sanda ko a bayan ƙofa babu. Malamar ta ce a ranta, ofis ko'ina ofis ne, su rubuta abin da suka ga dama.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa a ɗakin. Da zarar sun fara hira da dariya, sai a ji bugu daga rufi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ya tsaya, ya sake.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Bututun ruwa ne, 'yata. Ginin ya girme ni." Sai ta ƙara muryar rediyo.

Kowane yammacin Laraba malamar kan cike fom ta aika ofis: ta ci abinci, tana cikin walwala, lafiya lau.

A wata na huɗu bugun ya yi rauni, sannan ya daina. Ɗakin ya yi tsit. Kaka ta rage dariya, ta bar taɓa shayinta, ya huce a gabanta. Takan zauna ta ƙura wa hannayenta ido, ko rediyon ba ta kunnawa. Wani wari mai nauyi ya fara zama a matakala, malamar ta riƙa toshe hanci da gefen mayafi tana hawa.

Ranar wata Alhamis da safe shugabar ofis ta kira ta. Ta rufe ƙofa, ta jera fom uku a kan tebur, ba ta ko ce mata zauna ba.

"Tsohuwar da muka ba ki, ɗazu aka fasa ƙofarta. Likita ya ce ta kai mako uku da rasuwa." Ta ɗora yatsa a kan fom na ƙarshe. "Ke kuma kin rubuta jiya kun sha shayi. Da wa?"

Malamar ta dubi rigarta. Jiya-jiya ta taje wannan farin gashi, har yanzu akwai silinsa a hannun rigarta. Ta fice ba sallama.

A cikin bas ba abin da take yi sai salati. Ta tuno sanyin ɗakin, da shayin da ba a sha, da yadda ba ta taɓa ganin wani mahaluki ya gaishe da Kaka ba. Da ta isa ginin ta hau matakala. Ɗaya, biyu, uku. Ƙofar hagu na nan garau, ba alamar an taɓa ta.

Ta ƙwanƙwasa. Ta ji takun silifa, ta ji ƙarar sarƙa.

Kaka ta leƙo, idanunta sun kumbura. Malamar ta ja da baya har ta bugi bango, sannan ta yi ƙarfin hali ta kamo hannunta. Da ɗumi. Jijiya na harbawa a ƙarƙashin yatsunta.

"Kaka... ke ce? An ce mini kin..."

Sai ga mai kula da ginin yana saukowa daga sama, ƙyalle ɗaure a hancinsa, bokiti a hannu. Malamar ta miƙa masa tsohuwar takardar nan tana nuna ƙofa, tana haɗa kalmomi da ƙyar. Ya duba, ya dube ta, ya nuna matakalar da ya sauko.

"Baiwar Allah, a nan ba a ƙirga hawan ƙasa. Nan hawa na biyu ne, na uku yana sama."

Malamar ta tuno bugun nan na rufi da sandar da takarda ta ambata, ta juya a hankali. Kaka ba ta ɗago kai ba, sai ma ta ƙara damƙe hannunta da hannu biyu.

"Na sani tun ranar farko ba wurina aka aiko ki ba," ta ce. "Amma shekara tara ke nan ba wanda ya buga mini ƙofa."