Tudun Ƙofar Shagonmu

Da hantsi ma'aikatan titi suka kankare tudun rage gudu da ke ƙofar shagon ɗinkinmu.

"An huta da ƙarar birki," in ji Yaya. Sai ta dube ni. "Ke kuwa Auta, mai jar motarki ya tafi ke nan."

Na sunkuyar da kai. Motar tasa 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, cikinta dab da ƙasa. Don gudu aka yi ta, amma da ita yake zuwa aiki. Kullum sai ya lallaɓa ta a kan tudun, a karkace, kada ta gogu. A ɗan tsakanin nan yake ɗago mini hannu. Ban taɓa iya mayarwa ba, sai ya wuce nake amsawa a zuci.

Washegari na juya keken ɗinkina ya fuskanci bango, don kada in ga wucewarsa kamar iska.

Ƙugin injin ya taho, sai ya lafa.

"Auta," Yaya ta ce a hankali, "ga mutumin can yana haye tudun da babu, a karkace. Hannunsa a sama. Ƙeyarki yake gaisarwa."