Butar da Ba Ta Zube Ba

"Ke! Kin sake ɓarar mini da buta a shimfiɗa!"

Tsohon ya ɗaga wa matarsa murya har maƙwabta suka ji, kamar yadda ya saba kowace safiya. Sai dai yau babban ɗansu, wanda ya zo daga Damagaram, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Makauniyar banza! Kullum sai na tashi a jiƙe saboda ke. Tattara kayanki ki koma Tsauni gidan ubanki!"

"Ubana ya daɗe a ƙasa, Malam," in ji ta. "Kai ma can ka nufa da wannan taurin kan."

"Haba Inna," in ji ɗan, "ke ma ki daina ajiye buta kusa da shi mana."

Ta juyo ta galla masa harara. Tun daminar bara take riga mijinta tashi. In ta tarar fitsari ya kufce masa, sai ta tuntsurar da buta a kan tabarmar, don ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Ta sha zagin, ta wanke wandon, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ɗauko butar ta dangwarar a gabansu. Cike take fal.

"Yau ban zuba ba," ta ce. "Ruwan buta ba ya zuwa da jini. Ɗauki ubanka ka kai shi asibiti wajen lokotoro. Ya ƙarasa zagina a hanya."