Ruwan Wutsiyar Kogi

Akwai wata ƙasa can kudu, inda damina ba ta gama tafiya sai ta juyo. Kogi ɗaya ne ya ratsa ta daga kai har wutsiya, mutanenta kuma kashi uku ne. A sama akwai mutanen tudu, maƙera da masu kiwon awaki, masu ƙarfin murya saboda kiran juna daga dutse zuwa dutse. A cikinsu fada take, dab da idon ruwan da kogin ke ɓulɓulowa. A tsakiya akwai mutanen kurmi, masu goro da manja da rake, waɗanda ko allura za su sayar maka sai an shimfiɗa tabarma an yi ciniki. Can ƙasa, inda kogin ya rarrabu ya faɗa teku, nan mutanen gaɓa suke. Bisa dirkoki suke kafa ɗaki a kan ruwa, su noma shinkafa a laka, su kama kifi. Su ba sa kai kuka. A wurinsu abin kunya ne mutum ya buɗe baki ya ce an cuce shi. In abu ya ishe su sai su kwance jiragensu su tafi, babu sallama.

Kowane kashi da hakiminsa, kuma duk tsayuwar wata hakimi yakan aiko manzo fada ya faɗi lafiyar ƙasa. Sarki ma akwai doka a kansa: ba ya shan ruwan idon da ke bayan gidansa. Daga wutsiyar kogi ake ɗebo masa, a tuluna, a hawo da su a jirgi, inda jirgi ya gaza a ɗora wa jakuna. Da wani sabon sarki ya hau, mutum mai yawan tambaya, ya nemi jin dalili. Tsofaffin fada suka ce su ma haka suka tarar. Ya ci gaba da sha, amma ba kamar na gabansa ba, shi yana sha yana lura. Ya gane ruwan yana da hali. Da damina ja ne, da warin laka. Da rani yakan kwanta ya yi haske, da ɗan ƙanshin ciyawa. Har ta kai in ya kurɓa yana iya cewa an yi ruwa a kurmi, a bincika a tarar haka ne.

Sai ruwan ya daina canzawa. Kullum garau, kullum daɗi, rani da damina. Da wani ne da ya yi hamdala ya yi shiru. Shi abin ya tsaya masa a rai, don bai taɓa jin kogin da ya yi tafiya mai nisa haka bai kwaso komai a hanya ba. Ya kira shamaki, wanda tulunan ke hannunsa, ya zuba masa ido. Shamaki ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na ƙasa ne ya ɓaci. Na ga bai dace da bakinka ba, shi ne nake zubarwa ina cika maka daga ido." Sarki ya ce, "Kawo wanda bai dace ɗin." Aka kawo, ya kurɓa. Zartsi ne, gishiri har maƙogwaro. Manzanni kuwa duk tsayuwar wata "lafiya lau" suke faɗi.

Sarki ya ɗauki ƙoƙo ya shiga jirgi ya bi kogin, yana tafe yana ɗanɗanawa. A tudu daɗi. A kurmi ma daɗi, sai dai kogin ya rame. Da ya duba ya ga an datse shi, an ja ruwan zuwa wasu sababbin gonakin rake da hakimin kurmi ya sare, kuma hakimin nan kawun sarki ne. Ba don mugunta suka yi ba. Ruwa suka ga yana wuce su, a ganinsu asara yake yi a teku. Ba su san ƙarfin kogin ne ke tare teku ba. Da ya yi rauni sai teku ta hauro, ta shiga shinkafa ta ƙone ta.

Ya isa gaɓa ya tarar da ɗakuna a tsaye, babu hayaƙi. Rabin mutanen sun tafi, sauran suna ɗaure kaya. Hakiminsu ɗan gaɓa ne, shi ya sa bai kai kuka fada ba. Sarki ya sami wata tsohuwa tana jera tukwane a jirgi, ya ce, "Iya, me ya hana ku faɗa mini?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Tun bara muke aika maka a tulu. Mun ɗauka ka sha, ya yi maka."

Ya sa aka fasa datsin. Rake ya bushe, kawu ya daina gaishe shi. Bai koma fada ba, ya zauna a gaɓa yana shan abin da suke sha har zartsin ya fita. Waɗanda suka rage suka sauke kayansu. Waɗanda suka riga suka tafi kuwa ba su dawo ba, ciyawa ta cinye gonakinsu. Daga ranar ya hana kowa ɗanɗana masa ruwa kafin shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa ba ya tsami banza.