Fitilar Bas ɗin Malam Manniru

Da gudu Najiba ta shigo aji ranar Litinin, gwangwanin kayan lissafinta na ƙara a cikin jaka, yatsanta ɗaya naɗe da tsumma. Ko zama ba ta yi ba ta hau ba mu labari: fitilar ta mutu, Umma za ta dawo.

Duk ajin mun san fitilar nan. Babanta, Malam Manniru, yana da bas tokumbo, kwancen Turai, mai shan gas, yana kai goro arewa daga tashar Ojoo da ke nan kudu. Ummanta kuwa ta je Gusau jinyar kaka, haihuwa ta same ta a can. Wata biyar ke nan Najiba ba ta ga ƙaninta ba, sai a hoto.

Abin da ya hana a ɗauko su, wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa da ta kama a gaban sitiyari. Oga Jatau, bakaniken unguwar Mokola, ya kwance dashbod a gaban Najiba ya yi bayani. Wai akwai wata tukunya a jikin salansa mai ƙone dattin hayaƙi, motar tana auna zafinsa kafin ya shiga da bayan ya fito. In ya fito da zafi sosai, tukunya na aiki. In bai canza ba, ta toshe, sai fitila ta kama. Sabuwa kuma sai an yi oda daga Legas.

Kullum in ta yi naci, amsar babanta ɗaya ce: "Ranar da ta mutu, ranar zan kama hanya."

To, ga shi ta mutu. Da safe ya ba mota wuta, ya yi hamdala, ya ce dama injinan Turawa sukan warke da kansu. Ya loda goro ya tafi. A burek Najiba ta raba mana cin-cin.

Ana ruwa ranar, ya ɗage gilasai duka. Hayaƙin da ya rasa hanya ya dinga tsiyayowa ta ƙasan kujera. Bayan Jebba barci ya ɗauke shi a kan sitiyari.

Umma ta dawo da jariri, amma zaman makoki. Ranar uku Oga Jatau ya zo gaisuwa, idonsa jajur. Mu 'yan aji muna tsakar gida muka ji shi daga zaure yana gaya wa wani dattijo cewa ya duba motar.

"Wallahi Alhaji, fitilar nan ba warkewa ta yi ba. Babu ƙwan a ciki sam."

Najiba ta tashi ta shige ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake zuwa makaranta ba, sai Ummanta ta ce in kai wa malama jakar littattafanta. A hanya na ji gwangwanin yana ƙara, na buɗe.

Kusa da kamfas ɗinta da bakinsa ya lanƙwashe, ga ɗan ƙwan fitila, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.