Kiran Auta

Ina shanya a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga hoton Auta, ɗana da ya rasu a hatsari, aka binne kafin damina.

Na ɗauka.

"Mama, ni ne."

Muryarsa ce, har da ɗan tarin nan nasa. Na yi salati, na jefar da wayar cikin kwandon wanki. Na kira jikata na ce ta goge abin nan, ba na son ƙara jin sa.

Washegari na je kamfanin wayar intanet inda yake aiki, na sami abokinsa.

"Ɗan nan, matacce yana kira?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, saƙon murya ne. Ranar hatsarin ya bar shi. Na'urar da ke turawa ce ta tsaya, jiya muka gyara ta."

Na gaya masa abin da na yi. Maganar ɗana ta ƙarshe ce, kuma da bakina na sa aka goge.

"Ai Auta bai yarda a ajiye komai wuri ɗaya ba," in ji shi. "Ya yi ta faɗa da oga har sai da aka yi ma'ajiya uku."

Ya danna wani abu, ya miƙo mini wayarsa.

"Mama, ni ne. Gwajin sabuwar ma'ajiya nake yi. In saƙon nan ya zo a makare, kada ki tsorata. Na san halinki, kada ki jefar da wayar."