Shuɗin Furen Bakin Danga

Ga wani misali, ɗan'uwa, ka riƙe shi ko don gaba. Wata mata ce mai lambun furanni a bakin rafi, masu kwalliyar wurin biki suna zuwa saye a hannunta. A jikin dangar lambun akwai wani fure mai yaɗo, shuɗi kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Daga ƙauyensu ta zo da irinsa, ƙulle a bakin zane, kuma duk garin babu mai shi sai ita. Al'adarta ba ta tsinke furen ƙarshe. Sai ta bar shi ya yi kwanso irin na wake, ya bushe a jikin uwarsa, sannan ta ɗebi irin baɗi. Allah Ya karɓi abarsa furen yana tsakiyar fitowa, ta bar lambun a hannun 'ya'yanta biyu maza.

Ko arba'in ba a yi ba masu kwalliya suka zo da labari, wai bana ruwan goro ake yayi, haka suka gani a waya, amarya da 'yan anko kowa ruwan goro. Shuɗi kuwa wai ya tsufa, kalar ƙauye ce. Wa ya yanke wannan hukunci? Oho. Wasu ne can da ba su taɓa ɗaukar bokiti sun ba shuka ruwa ba, su ke zama a inuwa su ce launin da Allah Ya halitta ya tsufa. Babban ɗan ya ji, ya hau kai ya zauna, ya ce a tuge shuɗin a shuka ruwan goro. Ƙaramin ya roƙe shi a bar bakin danga kawai, kwanson bai nuna ba, in aka taɓa shi yanzu iri ya tafi ke nan. Ya ce, "Yaya, hannun Inna ne fa a jikin dangar nan." Babban ya ce Inna addu'a take bukata ba ciyawa ba. Ya sa fartanya ya tuge har saiwa, ya watsa wa awakin maƙwabta, suka cinye ɗanyen kwanson, ƙaramin yana tsaye yana kallo.

Ruwan goro ya fito, aka yi kakarsa, ya wuce. Shekara tana zagayowa sai ga masu kwalliyar nan, da bakin nan nasu, ko kunya babu, wai bana shuɗi ne. Har suna tambaya ina furen nan na tsohuwa, ai su dama can suna sha'awarsa. Babban ya shiga lambu. Ya tsinko fararen furanni ya tsoma a ruwan shuni, ya shanya, ya kai musu. A wurin biki aka yayyafa wa furannin ruwa don kada su yi yaushi, shunin ya tsiyaye a kan farin mayafin amarya, a gaban dangin ango. Daga ranar masu kwalliya ko hanyar lambun ba su ƙara bi ba.

Ƙaramin bai damu da tafiyarsu ba. Har ƙauyen uwar ya je neman iri, ya tarar an rushe dangogin an ja katangar bulo. Da ruwan fari ya sauka, kullum da safe yana tsugune a bakin danga, yana tona ƙasa da yatsa a hankali kamar mai tashin jariri, ko Allah Ya sa ƙwaya ɗaya ta faɗi ta ɓuya. Ciyawa ce kawai take fitowa. Wata safiya babban ya zo ya tsaya a bayansa, ya ce, "Ko ɗaya bai tsiro ba?" Ƙaramin bai ɗago kai ba.

Yayi yana tafiya ya dawo, amma abin da uwa ta shuka in an tuge shi ya tafi. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido.